Littafin da Kike Buɗewa Daga Dama

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, a durƙushe, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da haske da yalwa. Mutanen gida duk lafiya lau, sai jikarki Hauwa, wadda ke kwance a asibiti a Kano tun da aka yi mata tiyata. Ita ce dalilin wannan takarda, ita da wani littafi da na san ba ki manta da shi ba.

Koren littafin nan nake nufi, mai kauri, mai hotuna, na ƙawata Rifkatu.

Shekarun da kuɗin mai suka shigo gari ne. Ana ta zuba kwalta, motocin siminti na bi ta Ƙofar Durbi suna girgiza mana katanga, Baba ya karɓi ariyas ɗin albashi ya sayo babur da rediyo mai kaset ya hana kowa taɓawa. Aikin hanya ne ya kawo baban Rifkatu daga Filato, ya kama haya a sashen gidanmu na waje. Ranar da aka ɗauke shi zuwa wani gari, ana cikin loda kaya, Rifkatu ta rugo ta tura mini littafin a hannu, ta juya da gudu don kada in ga hawayenta. Ban sake ganinta ba.

Ni lokacin ko makarantar boko ba a sa ni ba. Ke kuma karatunki na allo ne, duk littafin da kika taɓa riƙewa daga dama yake farawa. Da na kawo miki shi, sai kika goge hannu da gefen zane, kika yi bisimilla, kika buɗe shi yadda kike buɗe Alƙur'aninki. Turancin da ke ciki ko kallo bai ishe ki ba. Hotunan kika bi, kika ba ni labari kamar a gabanki aka yi.

Ni ce 'yar fari, don haka ba ki kiran sunana, ba ki jawo ni jikinki a gaban mutane. Daga "ke" sai "yarinyar nan". Ƙannena na hawa cinyarki, ni ina gefe ina haɗiyar yawu, ina cewa a raina ai ni na girma. Amma hoto ba ya ganuwa daga nesa. In kika buɗe littafin bayan la'asar, kin gama tankaɗe, sai ki ce, "Ke, matso mana, daga can mi za ki gani?" In matso har kaina ya taɓa kafaɗarki, ki yi kamar ba ki ji ba. Har yau in na ji ƙamshin garin gero da man shanu, wannan tabarmar nake tunawa.

In wani ya ce ba a gatana da rana, amsarki ɗaya ce: "Wannan ba gatana ba ce, karatu ne. Ba ku ga rubutu ba?"

Ga yadda kika ba ni shi. Wata yarinya ce mai jan gashi, kika sa mata suna Delu. Iskoki sun sace ta sun naɗa ta sarauniya a wani gari fari fat, wanda kika ce garin auduga ne. Tana da komai, dabbobi na yi mata fadanci, amma abinci ba ya shiga bakinta, don ta ji labarin uwarta ba lafiya. Sai ta ajiye hular sarauta ta kama hanya. Ta hau jirgin da agwagi ke ja a sama. Ta ratsa dajin da itatuwansa ke da fuska. Duk inda ta bi, wata mujiya na biye da ita, kuma kin tsani mujiyar nan, in kin zo kanta sai kin yi tsaki kin ɗora mata yatsa. A ƙarshe ga Delu a bakin ƙofar gida da ƙunshin kayanta. A hoto na gaba ga uwar kwance, Delu a durƙushe gefenta, mujiyar a kan taga. Kika ce Delu ta yi addu'a ta kori mujiya. Sai hoton ƙarshe: uwar tsaye a bakin ƙofa, garau, tana dariya, ɗiyarta ta rungume mata ƙugu.

A nan kike rufe littafin ki ce, "To, tashi, an kusa kiran magariba."

Na shiga makaranta, na gane littafin Turawa daga hagu ake buɗe shi, amma wallahi ban taɓa haɗa wannan da littafinmu ba. Lokacin ya riga ya shige adakarki, ƙarƙashin zannuwan aurenki, ni kuma ina ganin na wuce labarin yara. Na yi karatun jinya, na yi aure, na haifi Hauwa, na yi aiki har na ajiye. Da kika rasu na ɗauko shi na sa a kabad ban buɗe ba. Mi zan karanta a ciki, ni da na haddace shi?

Yanzu takwararki Ummi, ɗiyar Hauwa, tana wurina tun da aka kwantar da uwarta. Ba ta daɗe da shiga firamare ba, ga surutu, ga bincike, duk abin da aka ɓoye sai ta tono shi. Kwana biyun nan surutun ya ragu. Kullum da safe tambayarta ɗaya, yaushe Mama za ta dawo. Inna, na yi shekaru a tsaye kusa da likitoci, na san yadda fuskarsu ke yi in suna da tabbas, na san yadda take yi in ba su da shi. Likitan Hauwa da ya ce mini "a ci gaba da addu'a, Hajiya", bai kalli idona ba. Tsoro nake ji, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Ummi ce ta tono littafin, ta ce sai na karanta mata. Na ce ta bari sai ta dawo daga makaranta. Da ta fita na sa tabarau na zauna da shi, don in tuna wa kaina. Hannuna ya buɗe shi daga hagu, yadda ya saba da kowane littafin boko.

Hoton farko da na gani, uwar ce tsaye a bakin ƙofa tana dariya.

Na daɗe ina kallonsa kafin in juya. Na biyu, ga ta kwance. Rubutun da ke ƙasa ya ce ba ta kai safiya ba. Na uku, yarinyar a bakin ƙofa da ƙunshinta, ashe fita take yi. Mai zanen ya zana ta hannu a kan ƙyaure, ba ka iya cewa shiga za ta yi ko fita. Mujiyar da kika tsana kuwa baiwar Allah ce, ita ke nuna wa marainiyar hanya, ita ke ba ta shawara. Garin audugarki ƙanƙara ce. Can ta je, can aka naɗa ta, can labarin ya ƙare. Ba ta taɓa komawa gida ba.

Na karanta shi tas a zama ɗaya, tsohuwa da ni, har shayina ya huce. Ba zan zalunci marubucin ba, ya iya labari. Akwai inda yarinyar ta roƙi a mayar da ita ko na wuni ɗaya, aka ce mata wannan hanyar ba a bin ta baya. Gaskiya ya faɗa, ni shaida ce tun ranar da aka fita da ke. Na yi kuka sosai a wurin nan. Na kuma yi dariya da na ga irin zagin da mujiya ta sha a bakinki ba ta ci ba ba ta sha ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kin sani? Maƙwabta masu boko sun sha ganinmu da shi. Baba ma na karanta jarida, yana wucewa ta gabanmu kullum. Anya ba wanda ya taɓa ce miki kin juya shi? Ko an faɗa miki, kika ɗaga kafaɗa kika ci gaba da abinki? Na san halinki, za ki iya. Duk wanda zan tambaya ya bi ki.

Ummi ta dawo, ta ci abinci, ta yi ta zagaya ni har aka yi la'asar. Na shimfiɗa tabarma. Na riƙe littafin a rufe ina juya shi a hannu. Duk tsawon aikina ban taɓa yi wa dangin majiyyaci ƙarya ba, har suna aka ba ni a kan haka. Amma yarinyar nan ta zuba mini ido, uwarta na can da robobi a hanci. Na yi bisimilla na buɗe daga dama.

"Hajiya, kin juya shi," in ji ta. "Antinmu ta ce ta nan ake farawa."

Na ce haka Innata ke karanta shi, kuma ita ce Innata tunda sunanki ta ci, to ta yi shiru. Ta yi dariya, ta matso ta kwantar da kai a kafaɗata.

Na ba ta Delu, da garin auduga, da agwagi. Na yi wa mujiya tsaki, ita ma ta taya ni. Muryarki na ji tana fita daga bakina, har inda kike jan numfashi. Da muka iso hoton uwar a kwance sai na ga idonta ya sauka kan rubutun. Na manta yaran yanzu tun suna ƙanana ake koya musu haɗa baƙi. Leɓenta na motsi, tana bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, har ta kai ƙarshen layi. Ta ɗago ta dube ni.

Ita ce ta miƙa hannu ta juya shafin da kanta, zuwa inda uwar ke tsaye a bakin ƙofa.

"Sai ta tashi, ko?"

Na ce, da yardar Allah.

Gobe za mu Kano mu duba Hauwa. Ummi ta riga ta cusa littafin a jakarta, ta ce ita za ta karanta wa Mamanta da kanta. Ban tambaye ta ta wane gefe za ta buɗe shi ba.

Ina kewarki, Inna, kewar da ban taɓa yin irinta ba. Da kina nan da na zo na zauna kusa da ke, ko ba ki ce mini komai ba.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya sa Aljanna ce makomarki, ke da Baba. Allah ya tashi kafaɗun Hauwa, ya mayar wa yarinyar nan da uwarta a kan ƙafafunta. Wanda duk ya karanta wannan takarda, don Allah ya sa mana ita a addu'a. Amin.

Ɗiyarki,
Larai