Gurasar Karen Rissa

Belbeji, Nuwamba 1964

Zuwa ga babban yaya Jibrin, ginshiƙin gidanmu, a Tanut.

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Inna lafiya, matarka Bintu lafiya. Ƴaƴanka Hadiza da Sule kuwa sun zarce lafiya, sun shiga sana'a.

Ina mai alfaharin sanar da kai cewa an kafa ma'aikatar gurasa a bayan rumbu. Ni ne darakta, Hadiza shugabar kwaɓi, Sule babban mai ɗanɗano, ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Mai cinikinmu guda ne tak: Ahar, karen farautar amininka Rissa, wanda ya bar maka amana da zai bi ayarin gishiri, kai kuma ka bar mini.

Mukan kwaɓa dusar hatsi da ƙuli-ƙuli da tsamin nono, mu daka fara a ciki, mu binne a rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi. Inna ta hana mu tandarta, ta ce kayanta ba za su yi wa kare bauta ba.

Ga babbar nasarar. Ka san wannan basarake ba ya cin komai sai a akushin ubangidansa. Ko tsoka ce ta faɗi ƙasa, sai ya ɗauke kai. To, mun rusa wannan girman kai. Hadiza ta fara aje gurasar a bakin akushi, sannan a gefensa, sannan can nesa. Yau ko bayan danga ka jefa ta, sai ya tono. Sule ya dafa wuyansa ya ce, "Ahar, ka zama talaka irinmu!"

Ƙaninka mai biyayya a wasu lokuta,
Barmo

Tanut, Nuwamba 1964

Barmo,

Bayan gaisuwa, ka gaida Inna. Na karanta takardarka, ban yi dariya ba.

Wa ya ce maka girman kai ne? Horo ne, tun yana kwikwiyo. Idan tumaki suka fara haihuwa, makiyaya kan zuba loma mai guba a hanyar rijiya saboda dila da kura. Karen da ke tsintar ƙasa ba ya ganin damina. Haka uwar Ahar ta mutu, a kan idon Rissa. Ranar da zai tafi, akushin ya fara miƙo mini kafin igiyar. Na ce maka a akushi kawai. Ban zaci sai na kawo maka dalili ba.

Ga lokacin haihuwar ya zo. Ka ɗaure shi yau. Tun muna yara Rissa ke sauka gidanmu, bai taɓa roƙona komai ba sai wannan.

Yayanka,
Jibrin

Belbeji, Disamba 1964

Zuwa ga yaya Jibrin, tare da girmamawa.

Umarni ya iso, an zartar. Fursuna yana ɗaure a gindin aduwa, yana shigar da ƙara safe da yamma.

Ma'aikatarmu ta sauya manufa. Yanzu iri biyu muke gasawa: mai daɗi ta akushi, da ta ƙasa, wadda muke cikawa da barkono da ɓawon maɗaci, don ya sake tsanar abin da ke kan rairayi. Ya ci mai barkonon karon farko, ya yi ta gurza baki a ƙasa, idonsa na ruwa. Hadiza ta jefar da muciya ta ce, "Baba Barmo, mu muka koya masa, kuma shi ake hora?"

Da alamar nasara, amma ina da zargi. Jiya na ga ɓarɓashi a gindin aduwa, na ɗanɗana, babu yaji. Na tuhumi shugabar kwaɓi, ta ce, "Guda ɗaya ce, ta ban haƙuri." Na yi mata wa'azi mai tsawo. Ina jin kalmomin sun yi mata girma.

Naka,
Barmo

Belbeji, Janairu 1965

Yaya,

Ina gaisuwa.

Ranar kasuwa Ahar ya tsinke igiya. Mun same shi da la'asar a hanyar rijiya, ƙafafunsa a sandare, da kumfa a baki. Ni na haƙa ramin.

Rissa ya iso shekaranjiya. Tun daga bakin gari yake yi wa Ahar fito. Ya shigo ya ga igiya a jikin aduwa, ya ga akushi cike da gurasa, don Sule bai daina zubawa ba. Ya tambaya wa ya gasa. Kafin in buɗe baki Hadiza ta ce, "Ni ce, Baba Rissa. Har a ƙasa yana ci, ni na koya masa."

Bai yi faɗa ba. Ya juye gurasar, ya goge akushin da bakin rawaninsa, ya ce mata, "Ƴata, tattara ki binne su da zurfi, kada wani kare ya koya."

Ya sauke wa Inna gishirinta, bai sha ruwanmu ba. Ya ce in gaya maka bana ba zai biyo ta Tanut ba.

Barmo