Dalmar Bakin Birgi

Birnin Kebbi,
6 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da mutanen Argungu duka. Yaya jikin Rumaisa? Yaya Ummu Hani ta ce har yanzu 'yar tata tana kuka da ciwon ciki, kuma 'yan kalmomin da ta koya sun ɓace mata.

Saƙon da na roƙa ya iso: ruwan rijiya, shinkafar Zauro, da ƙasar tsakar gida. Likita ce ta ce a duba ko akwai dalma a abin da yarinyar ke ci ko taɓawa. Ga yadda muke yi a ɗakin gwaji. Muna narka abin da asid, mu tace, mu girgiza shi da wani koren ruwa mai janye dalma gefe guda. Idan akwai ta, koren ya koma ja, sai na'ura ta auna ƙarfin jan.

Ruwan rijiya da shinkafa ba su kai abin damuwa ba. Sakamakon ƙasar ba zan faɗa ba tukuna. Watana uku kacal a aiki, ina tsoron ko kwalabena ne ba su wanku ba.

'Yarka,
Kulsumi.

13 ga Mayu, 2024.

Babana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na jiƙa kwalaben cikin asid kwana guda, na maimaita sau uku. Na haɗa da tataccen ruwa zalla don in kama kaina idan kuskuren nawa ne, ya tsaya kore. Ƙasar kuwa sai da na sirka ta sosai kafin na'ura ta iya karantawa. Madam Folake, shugabata, ta auna da hannunta, lambarta ta zo daidai da tawa. Dalmar ta ninka abin da aka yarda da shi sau shida.

Ƙasar gindin durumi ce, Baba, inda kake narka dalmar tsohon batir kana zuba nauyin bakin birgi, ragar kamun kifi. A nan Rumaisa ke zama kusa da kai. Ranar Sallah na ga ka ba ta nauyin dalmar guda biyu ta yi wasa, ta sa a baki, muka yi dariya har da ni da na karanta illarta.

Na san sana'ar kakanninmu ce, ita ta kai ni jami'a. Takarda huɗu na yaga kafin wannan. Ina roƙonka ka fitar da murhun daga gida, a yayyafa ruwa kafin a kankare ƙasar, kada a zuba ta gulbi. A kawo Rumaisa a ɗebi jininta. Idan na yi rashin kunya, ka yafe mini.

'Yarka,
Kulsumi.

27 ga Mayu, 2024.

Babana,

Ina gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya. Kwana goma sha uku ban ji daga gare ka ba, na ɗauka fushi ne. Jiya Yaya Ummu Hani ta iso da Rumaisa, an ɗebi jinin, za a fara mata magani ranar Alhamis. Likita ba ta yi alkawarin komai zai dawo ba, ni ma ba zan yi maka ba.

Yaya ta ba ni ƙullin ƙasar da ka aiko daga sabon daɓen da ka yi bayan an kankare tsohuwar, ka sa an rubuta wuri da kwanan wata a jiki kamar yadda nake yi. Na daɗe ina kallonsa. Na auna yau sau biyu, ya tsaya kore.

Saura abu ɗaya. Na gaya wa likita shekara talatin da huɗu kana matse dalmar nan a igiya da haƙoranka. Ta ce ka zo ranar Alhamis tare da jikarka. Zan jira ka a tasha tun ƙarfe takwas.

A gaida Inna.

'Yarka,
Kulsumi Dankure.