Baba Ya Binne Magana, Dakta Ya Tone Ta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'armu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗawainiyar jama'a.

Sunana Lawal, ina karatun digiri na biyu a sashen nazarin rikici da tsaro da sasanta al'umma. Tun kafin azumi na kai kukana ofishinka, ga shi har an yi Sallar Layya ban ji ko tari ba. Shi ya sa na kawo shi jarida, inda za a karanta wa mutanen Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara su ji. Ƙarar malamin da ke duba aikina na kawo. Zan kira shi Dakta kawai. Ka san shi, ni kuma a gidanmu an koya mini riƙe sunan mutum.

Na farko, ya kamata ka san wanda aka cuta. Mahaifina, Malam Mamman, manomi ne a wani ƙauye kusa da Damari. Ba shi da sarauta, ba shi da albashi, amma tun kafin a haife ni duk rigimar da ta tashi tsakanin manoma da Fulanin dajinmu a zaurensa take mutuwa. Ga yadda ake yi. Idan an zubar da jini, wanda ya yi aika-aikar yakan zo ya faɗa wa Baba shi kaɗai. Baba ya yanke abin da za a biya, dangin mai laifi su haɗa hannu su biya, a raba goro, a shafa Fatiha. Sunan kuwa a cikin Baba yake tsayawa. Wanda aka cuta ya sami haƙƙinsa, amma bai sami mutum guda da 'ya'yansa za su yi wa kwanton ɓauna ba. Wannan shi muke kira binne magana, kuma duk wanda ya tone ta, laifin ya koma kansa.

Na biyu, yadda Dakta ya shigo gidanmu. Tun da kuɗin mai ya kawo takin zamani da tarakta, manomi ya daina roƙon Bafulatani ya kwana da shanu a gonarsa, burtali kuma kullum ƙara tsukewa yake. Na ga rigima na tafe, shi ya sa na zaɓi in rubuta kundina a kan irin sulhun mutanenmu. Dakta ya ce zai bi ni ya gani da idonsa. Sabuwar motarsa ta kafe a taɓo bayan Sabuwa, mutanen garinmu ne suka tura ta har ƙofar gida. Baba ya yanka masa rago. A wurinmu malamin ɗanka ba baƙo ba ne, ba a yi masa gardama, ba a ɓoye masa magana, domin wanda ka damƙa wa ɗanka ai ka riga ka damƙa masa abin da ya fi komai.

Dakta ya ajiye rikoda a tabarma, ya ce da bakinsa, a gabana, abin da za a ɗauka ba zai fita daga ofishinsa ba. Baba ya ba shi misali da faɗan da aka yi a gonar wani maƙwabcinmu, Malam Tanko, inda shanu suka shiga dawa, aka yi cacar baki da samarin ruga, wani ya kai masa sanda ta baya, hannunsa na dama ya mutu. Malam Tanko bai ga wanda ya buge shi ba. An biya shi, an binne. Dakta ya nace sai an gaya masa ko wane ne. Baba ya dube ni, ya dubi malamin ɗansa, kunya ta ci ƙarfinsa. Ya ce Buba ne, ɗan Arɗon rugar. Arɗon nan kuwa aminin Baba ne tun suna samari.

Na uku, abin da ya yi da amanar. Gwamnati ta tara sababbin jami'an ƙananan hukumomi da manyan 'yan sanda a wani otal a birni, aka gayyaci Dakta ya yi lacca a kan tsaro a karkara. Don ya burge su, sai ya kunna musu muryar mahaifina, wai hujja ce cewa har yanzu ƙauyawa suna ɓoye wa doka masu laifi. Aka tafa masa, aka sa shi a kwamiti. Ba a daɗe ba 'yan sanda suka dira a Sabuwa ranar kasuwa, suka ɗaure Buba a bainar jama'a, suka kuma faɗi wanda aka ji sunan daga bakinsa.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. Buba yana tsare har yau. 'Ya'yan Malam Tanko sun sami sunan da aka hana su, suna kuma faɗa a fili cewa ranar da ya fito su ma suna jiransa. Arɗo ya zo ƙofar gidanmu, ya ƙi shiga zaure, ya ƙi shan ruwa, ya ce a gaya wa Mamman ya ji, ya gode. Washegari rugar ta tashi ta nufi dajin kudu. Da kaka aka sake gwabzawa a bakin rafi da wasu makiyayan, aka fasa wa mutum kai, babu ɓangaren da ya tako zauren Baba. Wa zai kai sirrinsa inda ake ɗaukar murya? Tsohon da ake tashi tsaye idan ya shigo kasuwa ya daina zuwa kasuwa. A masallaci ma sahun baya yake tsayawa, ana sallamewa ya sulale. Duk lokacin da na gan shi haka sai in ji zuciyata tana tafasa, kuma ban ga dalilin da zan ɓoye maka ba.

Na biyar, na sami Dakta a ofis. Ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Ya ce ilimi ba shi da sirri, ya ce son zuciya ba ya tafiya tare da bincike, sannan ya tuna mini cewa sai da sa hannunsa kundina zai wuce. Mutumin da yake koya mana cewa sulhu ba ya tsayuwa sai an yarda da juna ke nan.

Ga abin da nake nema, ranka ya daɗe.

Jami'a ta ɗauki lauya ta tsaya wa Buba, tunda ta hannun ma'aikacinta aka kama shi a kan maganar da wanda aka cuta ya riga ya yafe. A karɓe kaset ɗin daga hannun Dakta a ba mahaifina, a kuma canza mini mai duba aiki. Abin da ya fi waɗannan duka, a tasa ƙeyar Dakta zuwa Sabuwa ranar kasuwa, a aika a nemo Arɗo duk inda yake, a kira Malam Tanko da 'ya'yansa. Dakta ya tsaya a rana ya faɗa da Hausa, ba da Turancin lacca ba, cewa Malam Mamman bai sayar da kowa ba, shi ne ya ci tuwon tsoho ya ci amanarsa. Takardar ban-haƙuri ba za ta yi ba, don a gaban jama'a aka zubar mana da mutunci.

Baba ya ce in bar wa Allah. Shi mai sulhu ne, haka ya tashi. Ni ramuwa nake nema, kuma Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Ba zan ɗauki sanda ba. Zan gama karatun nan, ko a jami'arka ko a wata, kuma duk taron da aka kira Dakta ya yi magana a kan zaman lafiya zai gan ni a kujerar gaba, hannuna a sama, ina jiran lokacin tambaya. Duk kwamitin da aka sa shi, labarin nan zai riga shi isa.

Baba ya tsufa, ƙafa ta fara gazawa. Duk wanda ya dawo daga kasuwa, abu ɗaya yake tambayarsa, ko an ga wani daga mutanen Arɗo. Idan ya bar duniya amininsa bai dawo ya zauna a tabarmarsa ba, to Dakta ya sani, ba ni da sauran aiki a rayuwata sai shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka yi adalci tun tsohon yana da rai. Shi kuma Dakta, Allah ya ba shi tsawon kwana, don ba na so ya riga ni zuwa gaban Ubangiji ba mu gama ta nan ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Lawal ɗan Malam Mamman