Rufin Motar Raylene

Statesville, Litinin

Yaya Opal,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar nan taki da ta ƙi jin magani? Ya Vernon da jikoki?

Na san kin gani a jarida, Raylene ɗinmu ta ci tseren motocin jiya, na farko tun da ta shiga manyan tsere. Kamata ya yi a ce ina rawa, amma ga ni na goge kicin har ya gaji da ni, na kasa zama wuri ɗaya.

Kin dai san mijin ƙanwarki. Doyle ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsere a ƙananan filayen ƙauye, inda wanda ya ci yake hawa rufin motarsa ya ɗaga tuta, shi kuwa bai taɓa samun hawa ba. To jiya yarinya na tsayar da mota, ko hular kwano ba ta cire ba, sai ga mutumin nan da uban tumbinsa ya ɗare rufin, yana tsalle yana kuka. Jama'a suka yi ta tafi. Ni ma na tafa, Allah na gani.

A manyan tsere kuwa sai an auna motar da ta ci. Da aka auna, rufin ya lotsa, motar ta gaza tsayin da doka ta ce. Gajeriyar mota ta fi gudu, don haka a wurin alƙalan tseren maguɗi ne. Sun riƙe kofin, wai mu jira. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Maybelle

Laraba

Yaya Opal,

Ina gaishe ki, ina fatan jiki da sauƙi. Mu nan lafiyar ke nan dai.

Sun ba wani ɗan Georgia da ya zo na biyu nasarar. A shago ma ana nuna ni, uwar mai maguɗi. Mista Pruitt, mai motar da Raylene ke tuƙawa, ya zo har gida. Ya ce in aka ɗaukaka ƙara za a ci, amma sai an rubuta cewa Doyle ne ya lalata motar, kuma hukuncin hakan shi ne a ƙwace masa katin shiga wurin makanikai har abada.

Raylene ta ce, "Su jiƙa kofinsu su sha, Mama. Ba zan kai Baba ƙara ba." Taurin kan nan kin san inda ta gado shi.

Shi kuwa gogan ko burodin masarar da yake so bai taɓa ba. Ya kwance injin yankan ciyawa da lafiyarsa ƙalau, ya baza shi a tsakar gida. Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, ina son yarinyar nan ta sami abinta, kuma ina tsoron abin da zai rage na mijina in aka raba shi da wurin nan. Haushin su biyun nake ji.

Taki,
Maybelle

Lahadi

Yaya Opal,

Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida, ga yadda ta ƙare.

Ranar Juma'a Doyle ya ɗauki a-kori-kurarsa bai ce da kowa komai ba, ya tafi gaban kwamitin ɗaukaka ƙara na tseren. Mista Pruitt ya ce da shigar Doyle ya ajiye katinsa a kan tebur ya ce, "Ni za ku auna, ba motar ba." Sun karɓe katin, sun mayar wa Raylene nasararta, sun wanke sunanta. Ta zo ta yi masa faɗa kamar ita ta haife shi, sannan ta rungume shi. Kofin yana kan firiji, ni ban ma iya kallonsa sosai.

Yau tana tsere a Virginia. Da sassafe na ji shi ya yi wanka, ya cika fulas da kofi, ya ɗauki makulli yana fito da baki. Sai da ya kama marfin ƙofa sannan ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya dawo ya zauna a kujerar kicin, ya tambaye ni a wace tasha ake sa tseren a rediyo. Bai taɓa sani ba, don kullum a filin tseren yake.

Ki gaida Vernon.

Ƙanwarki,
Maybelle