Yaren da Salim Ya Bari

Unguwar Zariya, Maraɗi, 4 ga Janairu

Yaya Nabil,

Bayan gaisuwa, ya Yamai, ya Salima da yara? Mu ma ga mu nan. Yau kwana hamsin da rasuwar maigidana Salim. Ina ci, ina salla, ina kwanciya. Ban jin komai.

Takaba ta bar mini lokaci har ya yi yawa. Ordinatar Salim, na'urar aikinsa, na kan tabur, rufe. Ina so in koyi rubuta porogaram, don dai in daina kallon bango. Kai sana'arka ce. Wane yare zan fara da shi?

Ƙanwarka, Hidaya

Yamai, 11 ga Janairu

Hidaya,

Allah ya jiƙan Salim, ya ba ki haƙuri. Wallahi wasiƙarki ta faranta mini rai. Python, ba sai kin tsaya shawara ba! Ya fi sauƙi, kuma yanzu kowane buro, kowane wurin aiki, shi yake nema. Amma ki buɗe sabon wuri naki, kada ki leƙa ayyukan mamaci. Zuciyarki ba ta kai ba tukuna.

A gaida Inna.

Yayanki, Nabil

Zariya, 23 ga Janairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi kwana tara da Python ɗinka. Na sa na'ura ta rubuta sunana sau ɗari, ta rubuta.

Shekaranjiya Malam Jibo, shugaban ƙungiyar masu lambu a Jiratawa, ya zo, muka yi magana ta bayan labule. Salim ne ya rubuta musu porogaram mai raba ranakun ban ruwa. Tun shigowar shekara yake tsallake lambun wata tsohuwa, Tsahara, har albasarta ta fara kwanciya. Sun koma rabo da takarda, kullum faɗa.

Na leƙa, Yaya. Da PHP ya rubuta. Ban gane ko layi ɗaya ba, sai wasu da ya sa da Hausa don tuna wa kansa. "Kada in manta Alhamis." Yadda yake magana sak.

Na ajiye Python.

Hidaya

Yamai, 29 ga Janairu

Haba Hidaya! PHP ga ɗan koyo? Kwafe mini porogaram ɗin a kile, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa na'ura, ki ba direba, awa ɗaya na gyara. Kada ki wahalar da kanki. Allah ya sanyaya.

Nabil

Zariya, 20 ga Fabrairu

Yaya,

Ka yi haƙuri, ban aiko ba. Aikin awa ɗayanka ya ci mini mako uku. Alama ɗaya ce tak ba ta zauna daidai ba. A samanta ya rubuta: "Nan da sauran gyara, sai na warke."

Na gyara. Jiya Alhamis ruwa ya shiga lambun Tsahara, ta aiko mini da albasa.

Yanzu babu sauran abin gyarawa a ciki. Na duba sau uku.

Ka huta lafiya.

Hidaya