Baƙaƙe Masu Rawa

Zuwa ga Yayata,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, labarin da kika ji gaskiya ne, shagona ya cika da aiki, amma ki dakata da guɗa. Watan jiya wata makarantar ƙananan yara ta ba ni rubutun allon ƙofarta. Na ja layi, na tsoma buroshi a fenti, sai hannun dama ya kama kakkarwa. Na riƙe shi da na hagu, ina! Baƙaƙen suka fito wani da tumbi, wani da gwamen ƙafa, wani ya jingina da ɗan'uwansa kamar mai gyangyaɗi. Ina shirin gogewa shugabar ta iso, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce kar in kuskura in taɓa.

Tun daga nan mai aski, mai alewa, kowa "baƙaƙe masu rawa" yake so. Har maƙwabcina mai fenti ya koma girgiza hannu da gangan, wai yana kwaikwayona. Nasa ba ya kyau, don shi lafiyarsa ƙalau.

Wallahi tsoro nake ji, Yaya. Ban faɗa wa uwargida ba, ke ma ki riƙe a cikinki.

Ƙaninki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ki shafa mini kan yara. Amsarki ta iso, na gode da addu'a. Kin ce gajiya ce. Da ma.

Shekaranjiya mai kantin magani ya kawo allo, ya ce shi ba ya son wasa, miƙaƙƙen rubutu yake so. Na rufe shago don kar a gan ni. Tun hantsi har la'asar ina fama da harafi ɗaya, layi guda ya gagare ni, ni da nake jan layi ba ruwana da rula. Na zauna a kan gwangwanin fenti na yi kuka.

A gida kofin shayi ya kuɓuce mini. Uwargida ta kwashe fasassun, da safe sai na ga ta zuba mini rabin kofi. Ashe ta daɗe da sani. Alhamis za ta raka ni asibiti.

Yaya, haka na Baba ya fara, ko? Ina yaro lokacin, ke kika yi jinyarsa. Daga ranar da ya fara zubar da shayi zuwa ranar da kika fara ba shi abinci a baki, shekara nawa ne? Don Allah kar ki ƙara mini ko wata ɗaya don tausayi. Ina so in san aikin da zan karɓa.

Ki yi haƙuri da rubutun, ba wasa nake ba.

Naki,
Auta