Jan Zane a Gonar Baban Maryam

Unguwar Dabo, Tsanyawa
14 ga Afrilu

Zuwa ga Baban Maryam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya Fatakwal, ya aikin mota? Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Maryam kuma ta fito da haƙora biyu, ta fara gwada su a kaina.

Na ɗauki takarda ne saboda a waya ba ka bari in kai aya. Ka san ƙungiyar manoma ta samu tallafin nan na sauyin yanayi, an ce mu zaɓi ɗaya: ko tarakta, ko rainon itatuwa da irin gero mai saurin nuna. Ranar Juma'a aka yi taro a ƙofar Dagaci, mu mata muna zaure muna saurare. Kansila Kamaruddeen ya ce masu manyan masana'antu ne suka ɓata iskar duniya, don me za a ce talaka ya jira itace shekara goma? Abinci muke so bana. Wallahi maganarsa ta shige ni, ko da yake na san zaɓe ya matso. Malam Abdulkabir malamin gona ya ce tarakta mai take sha, kuma ƙasar da aka tsiraita iska ce ke kwashe ta. Aka yi ta ja har la'asar, Dagaci ya ce a bari sai kaka, kowane gida murya ɗaya.

Kai kuwa ba ka jira kaka ba. Ƙaninka Abdulbasit ya ce ka umarce shi ya sassabe 'ya'yan gawon da suka tsiro a gona, ya kuma sare babban gawon da marigayi Baba ya bari, don tarakta ta samu hanya. Raina bai so ba. 'Ya'yan da babban gawon nan ke zubarwa ne suka riƙe mana awaki da rani, kuma ka fi ni sanin inda zangarniya ta fi kauri a gonar.

Yanzu ga laifina, gara ka ji daga bakina. Malam Abdulkabir ya ce duk tsiron da ake so a bari a ɗaura masa jan ƙyalle, mai sassabe ba zai taɓa shi ba. Na duba ɗaki kaf, ba ni da jan abu sai zanen da ka sayo mini a kasuwar Kwari satin bikinmu. Na yayyage shi, Baban Maryam. Tsiro talatin da ɗaya na ɗaura wa, sauran na naɗa wa babban gawon. Da Abdulbasit ya je da gatari ya gane zanen, sai ya dawo ya ce shi ba zai shiga tsakanin mata da miji ba.

Ka yi haƙuri, ka bar su ko zuwa kaka ne. Inna na sa maka albarka.

Taka,
Hure

Unguwar Dabo
20 ga Yuli

Baban Maryam,

Sallama da fatan alheri. Ya jiki, ya damina a can? Na ga alama har yanzu fushi ake da ni. In ka kira sai ka gai da Inna, ka sa a kara wa Maryam waya a kunne, ni kuwa sai sannu a taƙaice. Abin yana damuna, ba zan ɓoye maka ba.

Amma yau farin ciki ne ya sa na rubuto, an yi ruwa! Bayan shuka ya ɗauke mana kwana goma sha tara. Gero ya nannaɗe, wasu sun sake shuka har sau biyu, aka fita roƙon ruwa. Namu ma ya sha wuya, sai dai na gindin babban gawon ya tsaya kore shar, kamar ba a gona ɗaya suke ba. Mutane suka dinga ratsowa ta gonarmu suna kallo, har sai da Abdulbasit ya yi faɗa kan tattake kunya.

Ga abin dariya. Kansila ya kawo wani baƙo daga birni ya duba inda tarakta za ta bi. Bawan Allah ya ga gawo tsirara ba ganye tsakiyar damina, ya buɗe littafinsa ya rubuta cewa itatuwanmu duk sun mutu. Inna tana wurin da sandarta. Ita ta zaunar da shi ta koya masa cewa gawo da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana da taki, da rani ya yi wa dabbobi inuwa. Kansila kansa ya yi dariya har hularsa ta faɗi, shi da ya yi kiwo a gindinsa yana yaro.

Bai sauka daga ra'ayinsa ba dai, kuma ban ga laifinsa duka ba. Na ga yadda huɗa ta ci bayan Abdulbasit bana. Da akwai yadda za a samu biyun, ni ce zan fara guɗa.

Ba a taɓa gawon ba, maganarka muke jira. Ko faɗa ne ka yi mini, ya fi shirun nan.

Taka,
Hure

Unguwar Dabo
9 ga Nuwamba

Maigidana Baban Maryam,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Da fatan ka wuni lafiya. Mun gama girbi, Alhamdu lillahi, rumbu bai ji kunya ba.

An yi taron. Itatuwa da iri suka ci da ƙyar, bisa sharaɗin a riƙa barin tsiro a jere, mai son tarakta ya ɗauko haya daga Tsanyawa ta bi tsakani. Yanzu Kansila yana faɗa a kasuwa cewa dabarar tasa ce tun farko. Mun bar masa.

Muryar gidanmu ce ta hana ni sukuni, don har safiyar taron ba ka ce komai ba. Sai ga direban motar Kano da ƙulli, wai daga gare ka. Na leƙa na ga jan yadi, na ce Allah sarki, ya huce, ya mayar mini da zanena. Na kira Inna ta zo ta ga kwalliya. Ina warwarewa sai ƙyallaye suka zubo ƙasa, an yanka su tsaf da almakashi, duk tsawo ɗaya. Inna ta yi dariya har da tari, ni kuwa na zauna na yi kuka na ƙoshi. Abdulbasit ya ɗauki guda ya sa a aljihu, ya tafi ya ɗaga hannu da sunanka.

Na aiko maka da garin fura na geron gindin gawo. Gawon ya fara sabon ganye. Ka zo kafin sassabe mu ɗaura su tare, ni kaɗai ba zan iya gama su ba. Zane kuma har yanzu ba ni da ja, na dai faɗa maka.

Matarka mai ƙaunarka,
Hure